Wa Ke da Hurumin Yi wa Baƙo Shari'a? Rigimar da Ta Tona Asirin "Kariyar" Turawa

A shekarar 1888 aka gurfanar da wani Bajamushe ɗan kasuwa mai suna Jacob Hoenigsberg a gaban kotu a Asaba, a gaɓar Kogin Neja. Kotun ba ta wani sarkin ƙasa ba ce, ba kuma gwamnatin Ingila ce ta kafa ta da hannunta ba. Ta Kamfanin Royal Niger ce, kamfanin George Goldie, wanda Sarauniya Victoria ta bai wa takardar izinin mulki a 1886. Alƙalin, Sir James Marshall, tsohon babban jojin Gwalkwas ne, wato Ghana ta yau, amma a lokacin albashin kamfani yake ci. Dakarun kamfani suka kamo mutumin, kamfani ya kai ƙara, alƙalin kamfani ya yanke hukunci a kore shi daga ƙasar.

Abin da ya jawo masa shi ne shigarsa ƙasar Nufe a 1887 da hajarsa, yana ciniki ba tare da ya damu da lasisi ko kuɗin fito na kamfanin ba. Hujjarsa gajera ce: Nufe tana da sarkinta, kuma taron ƙasashen Turai na Berlin ya ce kogin a buɗe yake ga jiragen kowace ƙasa. Bai tsaya nan ba, sai da ya je fadar Bida ya warware wa Etsu Maliki abin da kamfanin ke yaɗawa a Turai, wai takardar da aka sa wa hannu a 1885 ta miƙa masa mulkin ƙasar. Maliki ya ce shi bai san da wannan zance ba. Ciniki ya yarda a yi, bai bai wa kowa ƙasa ba. Ko da ma ya so, Nufe tana bin Gwandu ne, ba tasa ba ce shi kaɗai da zai yi kyauta da ita.

Da labari ya kai Berlin, gwamnatin Bismarck ta tada ƙayar baya, ta nemi a biya ɗan ƙasarta diyya. Landan ta rasa ta cewa, har ta tura Manjo Claude MacDonald a 1889 ya hau Neja da Binuwai ya binciko yadda kamfanin ke gudanar da harkokinsa. Abin da ya ɗaure wa jami'an Ingila kai shi ne, a bisa fatawar manyan lauyoyinsu na lokacin, Bajamushen yana da abin kamawa.

Ƙasar da ba taka ba, ba kuma ta mai ita ba

Turawa suna da hanya biyu ta riƙe ƙasa. Akwai mallaka kai tsaye, irin wadda aka yi wa Legas a 1861: ƙasa ta zama ta Sarauniya, mutanenta sun zama talakawanta, duk wanda ya taka ta, ko daga ina ya fito, dokar Ingila ta hau kansa. Sai kuma kariya. A nan, a kan takarda dai, sarki yana nan da sarautarsa da ƙasarsa, abin da ya sallama kawai shi ne hulɗa da ƙasashen waje. Ingila ta fi son ta biyun saboda arha. Tana hana Faransa da Jamus shigowa, ba ta kuma ɗora wa baitulmali nauyin gina kotuna da gidajen yari da biyan 'yan sanda. Tamkar dai mai gadi ne da ya zo ya tsaya a ƙofar gidanka ba kai ka kira shi ba, ya ce shi ba ruwansa da cikin gida, ƙofa kawai zai tsare.

Don haka ne a taron Berlin na 1884 zuwa 1885 wakilan Ingila suka dage. An so a rubuta cewa duk wanda ya kama wani yanki a gaɓar Afirka dole ya kafa hukuma mai iya tsare doka a wurin. Shugaban alƙalan Ingila, Lord Selborne, ya ce atafau wannan sharaɗi ba zai hau kan ƙasashen kariya ba, Bismarck kuwa ya sakar masa. Ingila ta samu yadda take so, sai dai ta ɗaure kanta da igiyar da ta murɗa. In ƙasar kariya ba taka ba ce, da wane hurumi za ka kama Bafaranshe ko Bajamushe a cikinta?

Amsar lauyoyin gwamnati a shekarun 1880 ita ce babu hurumin, sai in ƙasarsa ta amince. Ikon shari'ar da Ingila ke da shi a ƙasar waje a kan 'ya'yanta ne kawai. Wannan fahimta tana da dogon asali. Tun 1580 Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya yarje wa fataken Ingila su riƙa kai rigingimun da ke tsakaninsu gaban jakadansu, kamar yadda aka yi wa Faransawa da 'yan Venice. A lokacin alfarma ce daga mai ƙarfi zuwa ga baƙo, kuma ba ta saɓa wa yadda aka saba ba, domin fiƙihu ya san hukuncin baƙon da ya shigo ƙasar Musulmi da amana. Da ƙarfi ya koma hannun Turai sai alfarma ta rikiɗe ta zama hakki, wanda Turkiyya ba ta iya yakicewa gaba ɗaya ba sai a yarjejeniyar Lausanne ta 1923. Majalisar Ingila ta yi dokar farko da ta tsara irin wannan iko a ƙasashen waje a 1843, ta kuma tattara ta wuri guda a 1890. Dokar ta ce duk ikon da Sarauniya ta samu a wata ƙasa, ta hanyar yarjejeniya ne, ko kyauta, ko al'ada, ko don mai ƙasar ya gani ya yi shiru, za ta iya zartar da shi kamar da yaƙi ta ci wurin. A kula da wannan na shirun. Sarkin da ya kau da kai sau ɗaya don gudun fitina, an rubuta masa ya yarda ke nan.

Jamusawa ba su wahalar da kansu da wannan dogon lissafi ba. Dokarsu ta 1886 ta ɗauki ƙasashen kariya, irin su Kamaru da Togo, a matsayin wuraren da ikon Kaiser ya hau kan kowa. Faransa ma kusan haka take kallon abin. Ingila ce kaɗai ta tsaya tana jan ƙafa, ga kuma Turawa barkatai suna kwarara cikin Afirka: masu neman zinariya, dillalan bindiga da barasa, da 'yan leƙen asiri masu rigar bincike. A Binuwai ma an ga irinsu. Laftanar Mizon, Bafaranshe, ya shiga Yola da Muri tsakanin 1890 da 1893, har ya taya Sarkin Muri yaƙi da bindigoginsa, daga ƙarshe kamfanin Goldie ya ƙwace ɗaya daga cikin jiragensa, Faris ta yi ta kumfar baki.

Sai aka nemo mafita, kuma a ofis aka nemo ta. A 1891 wani lauya a Ma'aikatar Mulkin Mallaka, John Bramston, ya rubuta takarda yana cewa ƙasashen da suka sa hannu a Berlin, da kuma a Brussels a 1890 kan hana cinikin bayi da makamai, ai sun riga sun amince. Tunda sun ɗora wa mai kariya nauyin tsare doka, sun yarda ke nan ya hukunta 'ya'yansu. A watan Mayun shekarar aka fitar da umarnin majalisar Sarauniya kan Bechuanaland, Botswana ta yau, wanda ya bai wa Babban Kwamishina ikon kafa kotuna da yin doka a faɗin yankin. Zuwa 1895 manyan lauyoyin gwamnati sun sauya fatawa.

A duk wannan kai-komo, amincewar da ake nema ta Berlin ce da Faris. Babu wanda ya aika Bida ko Sakkwato ko Bechuanaland ya ji ta bakin masu ƙasar, alhali a bisa ƙa'idar da Turawan suka shimfiɗa da kansu, daga hannun sarakunan nan ne ikon ya kamata ya fito. Shi ya sa nake ganin batun baƙo ne ya fi komai fallasa tsarin. Muddin talakan sarki ake zalunta, babu jakadan da zai rubuta takardar ƙorafi. Ranar da aka taɓa Bature ɗan wata ƙasa ne ake tilasta wa mai kariya ya faɗi ko shi wane ne a wurin, kuma duk lokacin da ya buɗe baki sai ikonsa ya ƙaru, na sarki ya ragu.

Alƙali, Joji da Razdan

A Arewacin Najeriya takobi ya ƙarasa abin da alƙalami ya fara. Kamfanin Royal Niger ya ci Bida da Ilori a 1897. Ranar 1 ga Janairun 1900 aka karɓe izininsa, Lugga, Baturen da aka ɗora kan mulkin yankin, ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya kuma kira yankin ƙasar kariya, duk da cewa Kano da Sakkwato ba su faɗa hannunsa ba sai 1903. Bayan nan bai ɓoye ba, ya gaya wa manyan Sakkwato cewa da yaƙi aka ci su, mulki ya koma hannun Bature. Sunan kariya dai aka bar shi, don yana da amfaninsa.

Kotuna aka jera hawa-hawa. Akwai Babbar Kotu mai bin dokar Ingila, akwai kotunan lardi inda Razdan ke zama alƙali, akwai na bariki a hannun Joji, sannan kotunan alƙalai da majalisun sarakuna. Waɗannan na ƙarshe an bar musu aure da gado da bashi da yawancin laifuffuka, manyansu har da hukuncin kisa in Gwamna ya tabbatar, an kuma hana yanke hannu. Abu guda aka cire musu ɗungurungum, shi ne wanda ba ɗan ƙasa ba.

Kafin zuwan Bature, Balaraben Gadamus ko na Tarabulus da ke zaune a birnin Kano, in rigimar bashi ta haɗa shi da Bakano, zauren alƙali za su, su durƙusa a tabarma ɗaya. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, Kwarori da kamfanonin Turawa suka cika wajen gari. Ɗauki dillalin da ya kai wa wani Kwara gyaɗa aka yi masa ƙwange a sikeli. Alƙalin da ya sani, mai jin harshensa, wanda ya san shaidunsa da iyayensu, ba shi da ikon aika muhuti ko ɗan doka ya kira Kwaran. Sai dai dillali ya sa rigarsa ya fita ta ƙofar gari ya nufi bariki. Can zai tarar da masinja a bakin ƙofa, bayan masinja akawu, bayan akawu tafinta, kowanne da abin da yake sa rai. In ya samu shiga, a tsaye zai yi magana, tafinta ya juya ta yadda ya ga dama, Joji ya tambaye shi takardar shaidar ciniki, shi kuwa cinikinsa duk da baki da amana aka ƙulla shi. Da yawa tun a hanya suke cewa Allah ya isa su koma gida.

Sai kuma masu tsaka-tsaki: akawu daga Saliyo ko Gwalkwas, ma'aikacin jirgin ƙasa daga Legas, baƙar fata amma ba talakan sarki ba, wasunsu ma a doka talakawan Sarkin Ingila ne. Saboda irinsu aka yanka Sabon Garin Kano wajen 1913, aka sa shi ƙarƙashin Joji, aka raba su da birni. Ba a mayar da unguwar hannun En'e ba sai 1940. Masu neman asalin yadda "ɗan ƙasa" da "baƙo" suka zama kalmomin faɗa a siyasar Najeriya, ya kamata su leƙa nan, don tun kafin a fara rigimar takardar shaidar ƙaramar hukuma an riga an raba mutane bisa kotun da za ta iya kiransu.

Mai gida ma baƙo ne

Tsarin yana da wata fuska da ba a cika faɗa ba. Tunda ƙasar kariya ƙasar waje ce a idon dokar Ingila, mutanenta ba talakawan Sarkin Ingila ba ne. Wanda aka haifa a Legas yana da wannan matsayi, wanda aka haifa a Zariya kuwa "mutumin da Ingila ke karewa" ne kawai, haka fasfonsa yake nunawa har zuwa 1960.

Abin da wannan ke nufi a aikace ya fito fili a shari'ar Sekgoma Letsholathebe, sarkin Batawana a Bechuanaland. An tuɓe shi a 1906, aka tsare shi a Gaberones ba tare da tuhuma ba, Babban Kwamishina ya yi doka ta musamman da sunansa don halatta tsarewar. Kwamishinan nan kuwa Lord Selborne ne, ɗan wancan da ya dage a lokacin Berlin cewa kariya ba mulki ba ce. Lauyoyin Sekgoma suka kai ƙara Landan suna neman a kawo shi gaban alƙali ko a sake shi. A 1910 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi. Ta ce dokar 1890 ta bai wa Kwamishina ikon yin abin da ya yi, ƙasar kuma ba mallakar Ingila ba ce. Wato in ana maganar iko, Bature yana da shi cikakke. In ana maganar hakkin wanda ake mulka, sai a tuna ashe wurin ƙasar waje ce.

Bulalar Serowe

Ba a taɓa ganin iyakar da aka shata wa sarakuna ƙarara kamar a Serowe, a ƙasar Bechuanaland, a 1933 ba. Tshekedi Khama, matashi ɗan shekara 28, yana riƙon sarautar Bangwato kafin ɗan wansa Seretse ya girma. A garin akwai wani saurayi farar fata, Phinehas McIntosh, maƙerin keken shanu, wanda a nan ya tashi, yana jin Setswana kamar kowa, yana shan giyarsa da samarin gari, yana kuma lalata 'yan matan mutane. Tshekedi ya sha kai kukansa wurin jami'an Turawa, ba su yi komai ba. Da McIntosh ya doki wani ɗan gari, sai aka kira shi dandalin shari'a na gargajiya, inda dattawa ke zama a fili kowa na ji. Ya zo da ƙafarsa. Aka yanke masa bulala, aka kuwa zane shi.

Razdan na ƙasar, Charles Rey, dama yana neman hanyar da zai karya Tshekedi. Mai riƙon muƙamin Babban Kwamishina a lokacin wani hafsan sojan ruwa ne, Admiral Edward Evans, wanda ya yi suna a tafiyar Kyaftin Scott zuwa ƙarshen kudancin duniya. Evans ya kwaso sojojin ruwa sama da 100 daga Simonstown, kusa da Cape Town, ya loda su a jirgin ƙasa da manyan bindigogi, suka nufi ƙasar da ko teku ba ta da shi. Bindigogin suka riƙa kafewa a cikin rairayi. Aka yi ɗan zaman bincike, inda McIntosh da kansa ya ce shi ba shi da ƙorafi, ya gamsu da hukuncin da aka yi masa. Ba a saurare shi ba, domin ba bayansa ake karewa ba. Aka tara jama'a a Serowe a gaban bakin bindiga, aka dakatar da Tshekedi, aka kai shi Francistown. McIntosh ma aka kore shi daga ƙasar Bangwato.

Jaridun Ingila suka yi ca, 'yan mishan suka sa baki, cikin 'yan makonni aka mayar da Tshekedi kan kujerarsa. Amma sai da ya bayar a rubuce cewa ba ya da'awar ikon yi wa Bature shari'a. Masanin tarihi Michael Crowder, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'o'in Najeriya, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan bulala. Mutane suna tuna abin a matsayin nasarar Tshekedi, kuma ta wani ɓangare haka ne. A ganina dai Evans ya sha kunya, amma abin da ya zo nema ya samu.

Inda manya suka riga ka shiga

A ƙasashen Larabawa lissafin ya bambanta, domin a can ƙasashen Turai da Amurka sun riga sun mallaki kotunan jakadanci tun kafin a zo maganar kariya. Mai kariya ba zai share su da takardar ofis ba, sai ya saya. Faransa ta kama Tunisiya a 1881, ta bi ƙasashe ɗaya bayan ɗaya tana lallashi, Ingila ta rufe kotunta a can a farkon 1884. A 1890 aka yi musaya, Faransa ta bar wa Ingila Zanzibar, Ingila ta bar mata Madagaska. A Masar kotunan haɗaka da aka buɗe a 1876, masu alƙalai Turawa da Misrawa, sun rayu har 1949, shekaru 27 bayan an ce kariyar Ingila ta ƙare.

A Bahrain kuwa ta ƙofar baƙi Ingila ta shiga cikin gida. Bayan an doki ma'aikacin wani kamfanin Jamus da wasu Farisawa a 1904, jiragen yaƙin Ingila suka tsaya a gaban Manama. A 1909 Shaihu Isa bin Ali ya rubuta cewa wakilin Ingila ya riƙa duba shari'ar baƙi. Daga baya aka shiga jayayya a kan wane ne baƙon. Shaihun yana ganin mutanen Najad da sauran Larabawan maƙwabta nasa ne, Turawa suka ce a'a, su ma baƙi ne. A tsibirin da kasuwarsa da jiragen lu'ulu'unsa suka dogara da mutanen ƙetare, wanda ya riƙe shari'ar baƙi ya riƙe rabin gari. A 1923 aka sauke Shaihu Isa, kotunan Ingila kuma suka ci gaba da zama har 1971.

Maroko ma ta daɗe da ƙarfen ƙafa. Tun kafin taron Madrid na 1880 jakadun waje ke da ikon ɗaukar wasu 'yan ƙasar, tafintoci da dillalai, su sa su ƙarƙashin inuwarsu, alƙalin Sarki ba ya taɓa su, mai karɓar haraji ma haka, har attajirai suka riƙa sayen wannan matsayi da kuɗi. Da Faransa ta kafa kariyarta a 1912 ta shawo kan sauran ƙasashe suka janye, Ingila ta sa hannu a 1937. Amurka ta ƙi, tana riƙe da yarjejeniyar da ta ƙulla da Sarkin Maroko a 1836. Rigimar ta kai Kotun Duniya da ke Hague, Faransa ce mai ƙara, Amurka ce wadda ake ƙara, Maroko kuwa Faransa ce ke magana da bakinta. A watan Agustan 1952 kotun ta ce Amurka tana da ikon shari'a tsakanin Ba'amurke da Ba'amurke, da wasu 'yan batutuwa da yarjejeniyar Algeciras ta 1906 ta tanada, ba ta da fiye da haka. Maroko ta samu 'yancin kai a watan Maris na 1956, amma kotun jakadan Amurka ba ta naɗe tabarmarta ba sai a watan Oktoba.